Tambayar da Ban Fassara wa Inna Ba

Shekara goma sha tara ina koyar da Turanci a wata sakandare a Talata Mafara, kuma in gaskiya za a faɗa, ina ji da kaina a kai. Takardar asibiti, wasiƙar banki, fam na neman aiki, duk unguwarmu ƙofata ake bugawa. Saboda haka da ciwon bayan Inna ya kai inda ya kai, aka ce wani likitan ƙashin baya a Indiya zai duba ta ta waya, yana ganinta tana ganinsa, kafin ya ce a kawo ta ko kada a kawo, ban ma tsaya tunanin wa zai yi tafinta ba. Wa kuwa in ba ni ba?

Ni ne ɗan farin Inna. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Kakata ce ta raine ni. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba: ina ƙarami “kai yaro” nake, da na kama aiki na koma “Malam”. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta haɗa ido da ni, in na je gaishe ta a Bakura gaisuwar ce za mu yi ta ja har ta ƙare, sai mu yi shiru mu duka. Ƙanwata Rabi, wadda take aure a Maradun, ita ce abokiyar hirarta. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Haka na taras ana yi.

Ranar ganin likita an shirya da Rabi za a yi. Na ɗauko Inna daga Bakura tun jajibiri, don a gidanta sai ka hau katanga waya take samun sabis. Da safe Rabi ta bugo ta ce an ji motsin 'yan bindiga a hanya, direbobi sun ƙi fita daga tasha. Muka rage daga ni sai Inna sai wayar da na jingina da filas a kan tebur.

Likitan ya fito a allo, dattijo mai furfura da tabarau. Ya riga ya ga hoton bayan da aka ɗauka mata a Sakkwato, ya ce ƙashi ya matse jijiyoyin da suke sauka ƙafafu. Ya sa ta miƙe ta taka zuwa ƙofa ta dawo tana dafa bango. Ya ce ta tsaya a kan yatsu, ta kasa. Ya ce ta tsaya a kan duga-dugai, ta kasa a ƙafar dama. Sannan ya ce in samo abu mai ɗan tsini in riƙa taɓa ƙwaurinta da tafin ƙafarta, ta faɗi inda take ji. Na karyo tsinken tsintsiya. A ranar na fara taɓa ƙafar mahaifiyata, ina da shekara arba'in da shida. Ita bango take kallo, ni kuma tsinken.

Sai ya matso kusa da allo ya ce zai yi tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci. Ya yi ta a hankali, har sau biyu. Fitsari yana kufce mata ba ta sani ba? In ta yi tsarki tana jin ruwan da hannunta a jikinta, ko wurin ya mutu?

Babu kalma ɗaya da ban gane ba. Na buɗe baki, na dubi Inna.

Na ce, “Inna, wai ya ce ko kina kewayawa lahiya?”

Ta ce, “Lahiya lau. Alhamdu lillahi.”

Na juya na gaya wa likita babu matsala ta nan. Ya saki fuska. Ya ce to, aiki dai dole ne, amma ba na gaggawa ba ne, za a iya jiran fasfo da biza. Ya ƙara da cewa duk ranar da wannan amsar ta canza, kada mu jira jirgi, mu nufi asibitin da ya fi kusa da ake irin wannan tiyatar a ranar. Na ce wa Inna likita ya ce in ta ji wani abu ta faɗa. Ta ce to.

Sati bakwai muka yi muna neman takardu. Ɗan rakiya ɗaya aka yarda a bai wa biza, kuma ba a yi gardama ba, mai Turanci ne zai tafi.

A Adis Ababa muka sauka canjin jirgi, awa shida muna zaune. Inna tana keken guragu, ta ɗaura zane har uku, ta ƙi ruwa, ta ƙi shayi, ta ƙi lemo. Tun a jirgin farko take ƙi. Leɓenta ya bushe ya tsage. Na yi ta lallashi har na gaji na soma faɗa.

“Inna, don Allah ko kurɓi guda. Haka za ki isa ga mutane kamar an tono ki?”

“Ba ni jin ƙishirwa, Malam. Bar ni kurum.”

Na ɗauka tsoron jirgi ne. Matar da aka ba aikin tura kekenta, wata siririya 'yar ƙasar, ta kai ta banɗakin mata suka daɗe. Da suka fito matar ta tsaya ta dube ni tsawon lokaci, sannan ta cire mayafin wuyanta ta shimfiɗa wa Inna a cinya ta soke gefe da gefe. Na yi godiya, na ce a raina lalle sanyin wurin nan ya yi yawa. Wani lokacin in na tuna wautata a tafiyar nan har dariya take ba ni, irin wadda ba daɗi.

A Delhi wani ɗan ƙasarmu ne ya tarbe mu, Kabiru, wanda sana'arsa ke nan, karɓar marasa lafiya daga gida. Tun muna Mafara ya turo mini hoton ɗaki a ƙasa, ya ce ta taga ana hango asibiti. Ɗakin da ya kai mu yana hawa na uku, matakala ƙunci kamar ta hasumiya, babu lifta, kuma daga nan zuwa asibiti sai ka yi minti arba'in a keke mai ƙafa uku. Na nuna masa hoton a wayata. Ya ce, “Malam, wancan an kama shi jiya. Nan kowa haƙuri yake yi.”

Na durƙusa na ce Inna ta hau bayana. Ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, “Ba ka goya ni.” Muka yi cirko-cirko a bakin matakala. Wani dattijo mai rawani da yake da shago a ƙasan benen ya fito da kujerar roba, ya yi mini nuni da hannu. Muka ɗora ta, shi gaba ni baya, muna hutawa a kowane hawa. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Da muka kai sama ya dafa ƙirji yana haki, ya sunkuyar wa Inna da kai, ya sauka bai ko tsaya jin godiya ba.

Kwana huɗu muka yi a ɗakin nan. Kullum Kabiru zai zo ya ce likitanmu ya yi tafiya, amma akwai wani asibitin da ya fi, can ma ya san kowa. Ni dai na gaji da komai. Ƙarar hon tun safe har yamma ba ta yankewa. Abinci duk wanda ka saya ƙamshinsa ɗaya, har shayi. Ina gaishe da mutane a matakala su dube ni kamar zan roƙe su wani abu. Ni da nake ƙorafin doguwar gaisuwar mutanen Bakura, wadda sai an tambaye ka gida da gajiya da ruwa da dabbobi kafin a bar ka ka wuce, sai ga ni ina marmarin wanda zai tsayar da ni a hanya ya ɓata mini lokaci. In na rufe ido fadamar shinkafa nake gani da masu fura a bakin kasuwa. Mai shago ya lura ba ma cin abin kirki, ya hauro mana da wani nono mai kauri a ƙaramin kasko, kamar kindirmo. Inna ta ɗanɗana cokali ɗaya ta ce, “Wanga ya yi kama da na gida.” Ta ture sauran. Ƙofar banɗaki kuwa kullum a rufe, ta ja jiki ta shiga ta daɗe, in ji ruwa yana zuba. Na ce ta kawo wankinta in kai ƙasa, ta ce ba ta da wanki.

A rana ta biyar na tuna ina da lambar ofishin likitan tun ranar da muka yi waya. Na buga da kaina. Matar da ta ɗauka ta ce tun Litinin suke jiranmu, likita bai je ko'ina ba. Ashe la'ada Kabiru yake nema a ɗaya asibitin. Da na faɗa masa abin da na ji, ya ce yana zuwa. Har muka bar ƙasar wayarsa a kashe take.

A zauren jira na asibiti na ji wata murya a bayana ta ce, “Sannunku, bayin Allah. Daga ina?” Na juya da sauri. Wata Hajiya Zainabu ce daga Maraɗi, tana jinyar mijinta da aka yi wa aiki a wuya. Ta durƙusa gaban keken Inna suka gaisa, gaisuwa ta sosai, har da tambayar mutanen gida waɗanda ba ta sani ba. Na ga Inna ta yi murmushi karon farko tun da muka hau jirgi a Kano.

Likitan a fili bai kai tsawon da na zata ba. Ya gane mu, ya yi wa Inna maraba. Ya ɗauko 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa gwiwa da agara, ya bi ƙafafun da allura, ya danna mararta. Ina kallon fuskarsa na ga ta canza. Ya kira nas, aka ja labule, ya ce in fita. Can nas ta leƙo ta ce ba sa fahimtar juna, ko akwai mace mai jin yarenmu? Na ruga na kira Hajiya Zainabu. Ba ta jin Turanci, amma na gaya mata abin da ake son sani, ina kallon takalmina. Ta shiga. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa, sannan na ji Inna tana kuka, abin da ban taɓa ji ba ko ranar da Baba ya rasu.

Hajiya ta fito ta ja ni gefe.

“Malam, kai ɗanta na, ba ni ɓoye maka. Hitsari ba ya tsaya mata, kuma ba ta jin wurin ko kaɗan. Tsumma taka sawa, ta wanke da kanta. Shi ya sa ba ta shan ruwa.”

“Tun yaushe?”

“Ta ce tun kahin ku yi waya da likita.”

Ni na fassara wa likita wannan da bakina. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce da ya ji haka a ranar, da ya hana mu zuwa, da ya ce a yi aikin a gida cikin satin, don jijiyar da ta daɗe a matse ba duka take farfaɗowa ba. Ya ce ta waya yana iya ganin tafiyar mutum, amma abin da yake ƙarƙashin zane sai abin da aka gaya masa. Ya ce shi ma da laifinsa, bai tambayi ko ni wane ne a wurinta ba, bai ce a nemo mace ba. Sannan ya dube ni ya ce, “Ka tambaye ta kuwa?”

Na ce na tambaye ta. Sannan na ce, “Amma ba yadda ka faɗa ba.”

Na fita farfajiya na kira Rabi. Ko gaisawa ban bari mun gama ba.

“Kin san da wagga magana?”

Ta ce, “Na sani, Yaya.”

“Kin sani kika yi shiru?”

“Ta ce in na hwaɗa maka ba ta yahe min ba. Kuma ni na aza duk ciwon guda na, in anka yi aiki shi wuce. Kai da ka yi magana da likita, bai tambaya ba?”

Na ce sabis yana yankewa, na kashe. Sabis lafiyarsa lau.

Da yamma na koma ɗakin da aka kwantar da ita. An sa mata robar fitsari da jaka a gefen gado, an rufe da zane. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Malam, ba ni ruwa.” Na zuba mata kofi ta shanye, na ƙara ta shanye, na ƙara na uku. Ina tsaye da gora a hannu ina jin yadda ruwan yake wucewa a maƙogwaronta. Wata biyu ke nan tana tsoron ruwa, a gabana, ni kuwa ina ta cika fam.

Washegari aka yi aikin. Awa biyar ina zaune a benci, Hajiya Zainabu tana zuwa tana komawa tsakanin mijinta da ni, ta kawo mini dabino ta tsaya sai da na ci. Likita ya fito ya ce an buɗe wa jijiyoyin hanya, saura jira.

Muka jira. Ciwon da ya hana ta barci shekara biyu ya tafi. A kwana na uku ta motsa yatsun ƙafar hagu. A na shida ta tsaya da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta taka taku takwas, ƙafar dama tana ja a ƙasa. Na ji daɗi, amma gajiya ta hana ni jin daɗin yadda ya kamata. A kwana na tara aka sallami mijin Hajiya. Ta zo ta yi wa Inna kitso kafin ta tafi, ta bar mata sauran kukar miyarta da daddawa a ƙulle a leda. Da ta fita ɗakin ya yi mana girma.

Sau biyu ana cire robar a ga ko mafitsara ta farka. Ba ta farka ba. A kwana na goma sha biyu likita ya zaunar da ni ya ce ƙafar dama tana iya ƙara ƙarfi da motsa jiki, amma mafitsarar kada in sa rai sosai. Za a bar mata roba da jaka saboda hanya. In mun isa gida sai a cire, a koma sa wata siririya sau huɗu ko biyar a rana, a zubar a cire, da tsabta sosai, in ba haka ba ƙoda za ta taɓu. Inna ba ta iya sunkuyawa tukuna, hannunta kuma yana rawa. Ba za su sallame mu ba sai sun ga wani nata ya koya. Babbar nas ta ce ai ga ni.

Na je na gaya wa Inna, wannan karon duka. Ta juya fuska bango ta ce, “Gara ka bar ni nan in mutu.”

Ban yi mata gardama ba. Na koma wajen nas na tambaya ko za ta koya wa ƙanwata ta waya, kamar yadda likita ya duba Inna. Ta yi tunani ta ce za a iya, in ƙanwar za ta sake yi a gaban wata nas a gida kafin ta fara ita kaɗai. Amma ta ce ita ba ta jin yarenmu, kuma a wannan aikin ba a cewa “wajen nan” ko “abin nan”. Kowane wuri da sunansa.

Aka sa ƙarfe uku na rana, lokacin hantsi ne a Maradun. Rabi ta kori yara daga gida ta tsaya a bayan rumbu, inda sabis ya fi kamawa. Wata ƙaramar nas ta riƙe wayar a cikin labule. Ni ina waje, na ba labulen baya, fuskata tana kallon ƙofa.

Babbar nas ta fara. Wanke hannu, na fassara. Buɗe leda ba tare da taɓa bakin robar ba, na fassara. Yadda za a kwantar da ita, na fassara. Sai ta zo wurin. Ta faɗi jimlar a fili, ta tsaya tana jirana.

Na ce, “Wai ki sa hannun hagu ki… ki gyara wajen, sannan ki diba daga sama…”

Muryar Rabi ta fito daga wayar. “Yaya, ban gane ba. Wane waje? Sama da mi?”

Fanka tana juyawa. Nas ta sake maimaita jimlar, a hankali, kamar yadda likita ya yi a Mafara.

Daga bayan labule Inna ta yi magana. Muryarta ba ta rawa, gajiya ce kawai a cikinta.

“Malam.”

“Na'am, Inna.”

“Hwaɗa mata yadda matar ga tac ce. Kumyar ga ta ishe mu hakanan.”

Na dafa ƙofa da hannu biyu na faɗa, kowane wuri da sunansa, da Hausar da kowa ya sani. Sau uku Rabi tana cewa a maimaita, sau uku ina maimaitawa.